Babi na Bakwai: Fitilun Suwidin, daga Ɗakin Ma'aikaci zuwa Gidan Gwanjo

A tsakiyar watan Disamba, rana ba ta fitowa a Stockholm, babban birnin Suwidin, sai wajen ƙarfe tara saura kwata na safe, kuma kafin ƙarfe uku na yamma ta riga ta faɗi. Awa shida ke nan na haske, shi ma sau da yawa gajimare ya dusashe shi. Can arewa, a garin Kiruna, akan yi makonni ba a ga ƙwayar rana ba. Mutumin da ke zaune a irin wannan ƙasa a gaban fitila yake cin abinci, a gabanta yake karatu, a gabanta yake tarbar baƙo, kusan rabin shekara. Ita ce ke yanke hukuncin ko ɗaki zai zaunu ko ba zai zaunu ba.

Fitilun da aka ƙera a ƙasar tsakanin shekarun 1920 da na 1950 yanzu sun zama abin nema a gidajen gwanjo na Stockholm da Paris da Landan da Chicago. Wanda ya kalli farashinsu kawai zai ɗauka yayi ne na masu kuɗi, wanda zai wuce kamar yadda kowane yayi ke wucewa. Akwai yayi a ciki, babu shakka. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai nauyi: al'umma ce ta zauna ta yi shekaru tana tunani a kan yadda ɗakin talaka ya kamata ya kasance, da irin hasken da ya cancanci idonsa. Wannan tunanin ne ake saye a yau, ko mai tayi ya sani ko bai sani ba.

Ƙunci da duhu

Suwidin ta farkon ƙarni na ashirin ba ita ce ƙasar wadata da ake ba da labari yanzu ba. Daga tsakiyar ƙarni na sha tara zuwa 1930, sama da mutum miliyan ɗaya suka bar ta suka tafi Amurka neman abinci. Waɗanda suka kwararo birane don aikin masana'antu sun cunkushe a gidaje masu ɗaki ɗaya da madafa, iyali guda, wani lokaci har da ɗan haya a kan benci. Tarin fuka ya yi ta cin mutane a waɗannan ɗakuna marasa iska. Wanda ya ɗan samu sarari kuwa sai ya cika ɗakinsa da kwaikwayon kayan masu mulki: katako baƙi mai nauyi, labule mai kauri, tarkacen ado da ke tara ƙura suna shanye ɗan hasken da ya shigo.

Marubuciya Ellen Key ta tsaya a kan wannan a wani ɗan littafi da ta fitar a 1899, inda ta kafa hujja cewa kyau haƙƙin kowa ne, kuma ɗaki mai haske da tsabta da kaya kaɗan yana gyara rayuwar mazauninsa. A shekarar ce kuma mai zane Carl Larsson ya wallafa hotunan gidansu na ƙauyen Sundborn, gidan da matarsa Karin ta tsara: bango mai launi mai haske, tagogi a buɗe, darduma saƙar hannu, yara suna wasa a tsakar ɗaki. Hotunan sun shiga gidaje ba iyaka, suka zama abin koyi.

Ƙungiyar da ta mayar da wannan buri aiki ita ce Svenska Slöjdföreningen, ƙungiyar bunƙasa sana'o'in hannu da aka kafa tun 1845. A 1914 ta buɗe ofishin da aikinsa shi ne haɗa masu fasaha da masu masana'antu. A wannan yanayi ne Simon Gate da Edward Hald suka shiga kamfanin gilashi na Orrefors, Wilhelm Kåge kuma ya shiga kamfanin tangaram na Gustavsberg. A 1917 ƙungiyar ta yi baje koli a zauren Liljevalchs na Stockholm, aka shirya ƙananan gidaje da kayansu cikakku don a nuna wa ma'aikaci cewa zai iya mallakar abu mai kyau da ɗan albashinsa. Shekaru biyu bayan haka Gregor Paulsson ya fitar da littafinsa Vackrare vardagsvara, wato kayan yau da kullum masu ƙarin kyau. Mu mukan ce araha ba ta ado. Waɗannan mutane sun ɗaura ɗamarar ƙaryata wannan magana da inji da zane.

Ba su yi nasara nan take ba. Kwanukan da Kåge ya tsara wa ma'aikata a 1917, masu matsakaicin hali ne suka fi saye, ma'aikatan kuwa suka ci gaba da son masu ruwan zinariya. Duk da haka an shuka irin.

Hasken da ya fi ƙarfin ido

A daidai lokacin ne wutar lantarki ke shiga gidaje. An buɗe tashar samar da wuta daga ruwa a Trollhättan a 1910, aka buɗe ta Porjus da ta Älvkarleby a 1915. Yaƙin Duniya na Farko ya katse shigo da kananzir, mutane suka koma fitilar kabaid mai wari da haɗari, wannan wahala kuwa ta sa ƙauyuka suka riƙa haɗa kuɗi suna jawo waya da kansu.

Sai dai sabon hasken ya zo da tasa matsala. Duk wanda ya tashi da fitilar ƙwai ya san haskenta: ja-ja, mai laushi, kana iya kallon harshen wutar ba tare da idonka ya yi zafi ba. Irin wannan hasken mutanen Suwidin suka saba da shi. Ƙwan lantarki mai zaren tangistan, musamman wanda aka fara cika shi da iskar gas daga 1913, yana soke ido, yana jefa inuwa mai kaifi, yana tona asirin kowane tabo a bango. Da farko kamfanoni sun ɗauki tsofaffin fitilun kananzir da na kyandir suka cusa musu waya kawai. Aikin masu zane na gaba shi ne su ladabtar da ƙwan.

Hanyoyi uku suka bi, kuma wanda ya san su zai gane kusan kowace fitila ta wancan zamani. Ta farko, a rufe ƙwan cikin gilashi mai launin madara, hasken ya watsu daidai ta kowane gefe. Ta biyu, a juya shi sama cikin kwano na ƙarfe, ya bugi silin ya dawo ɗaki a hankali, babu inuwa. Ta uku, a sa masa hula ta yadi ko ta ƙarfe mai ƙananan huji, a tura hasken inda ake bukata, kan littafi ko kan teburin cin abinci, a kare ido daga gefe. A maƙwabciyarsu Danmak, Poul Henningsen ya kai wannan bincike matuƙa da fitilarsa mai huluna uku a 1926. 'Yan Suwidin ba su tsaya kan tsari guda ba. Sun gwammace su rarraba ƙananan fitilu a kusurwoyi daban-daban na ɗaki maimakon guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin.

Shekarun ƙawa

Abin da ya fara fito da sunan ƙasar a duniya ba kayan talaka ba ne. A shekarun 1920 an gina manyan gine-gine a Stockholm: babban zauren birni na Ragnar Östberg a 1923, zauren kiɗa na Ivar Tengbom a 1926, ɗakin karatu na birni na Gunnar Asplund a 1928. Kowanne ya bukaci kujeru da darduma da fitilu na musamman. Salon da ya fito daga nan ya aro ginshiƙai da siffofin tsohuwar Girka, amma ya rage musu nauyi, ya siranta su. A baje kolin Paris na 1925 gilashin Orrefors mai sassaƙen Gate da Hald ya kwashi manyan lambobi, a 1927 kuma gidan tarihi na Metropolitan a New York ya nuna kayan Suwidin. Wani mai sharhi ɗan Ingila, Philip Morton Shand, shi ya laƙaba wa salon sunan Swedish Grace, sunan da gidajen gwanjo ke amfani da shi har yau.

Fitilun wannan zamani aikin hannu ne: tagulla da aka zuba, gilashi da aka sassaƙa wa taurari da ganye, gaurayen kuza da aka goge. Babban kantin Nordiska Kompaniet, wanda kowa ke kira NK, yana da nasa masu zane da nasa maƙera, Erik Tidstrand kuwa shi ne gwanin fitilunsa. A 1924 wata malamar zane, Estrid Ericson, ta buɗe kamfanin Svenskt Tenn don yin kayan kuza, ta jawo masu fasaha irin su Anna Petrus, wadda zakunanta na kan alkukin kyandir suka shahara. Waɗannan kaya tun a ranar da aka yi su na masu hali ne. Yana da kyau a riƙe wannan, domin ba kowace fitila mai tsada a gwanjo ce ta fito daga ɗakin ma'aikaci ba.

Bazarar 1930

Daga watan Mayu zuwa Satumba na 1930 aka yi babban baje kolin Stockholm, Paulsson yana shugabanta, Asplund yana jagorantar zanen gine-gine. An ƙirga shigar mutane kusan miliyan huɗu, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan shida da 'yan kai ba. Abin da suka gani ya bambanta da duk abin da suka sani: fararen gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi, bangon gilashi, kujerun bututun ƙarfe, gidajen gwaji da aka auna kowane taku a cikinsu. Da dare wata doguwar hasumiyar talla ta kama da fitilun niyon, hasken ya kwanta a kan ruwa. Ƙa'idar ita ce siffar abu ta fito daga aikinsa, a bar ado na banza. Jama'a suka laƙaba wa salon suna funkis. A shekara mai bi masu shirya taron su shida suka fitar da littafin acceptera don kare matsayinsu.

Siyasa ta ba su baya. A 1928 ɗan siyasa Per Albin Hansson ya yi jawabin da ya kwatanta ƙasa da gidan jama'a wanda babu ɗan gata babu ɗan bora a cikinsa, a 1932 kuma jam'iyyarsa ta hau mulki. Gidaje suka zama aikin gwamnati, har a ƙarshen shekarun 1930 aka fara bai wa sababbin ma'aurata rancen sayen kayan ɗaki.

Ƙwan fitila kansa ya shiga wannan gwagwarmaya. A 1924 manyan kamfanonin ƙwai na duniya sun ƙulla yarjejeniya a Janiba, wadda aka sani da Phoebus, suka raba kasuwa a tsakaninsu, suka ƙayyade rayuwar ƙwai ga awa 1,000. Ƙungiyar haɗin gwiwar masu saye ta Suwidin, Kooperativa Förbundet, ta amsa musu da gina masana'antarta ta Luma a Stockholm a 1930, farashin ƙwai ya sauka a ƙasar. Haske mai araha ya isa ɗakin da a da ba ya isa.

Yadda aka sassauta ƙarfe

Ba kowa ya yi na'am da funkis ba. Carl Malmsten, maƙerin kujeru mafi suna a lokacin, ya soki salon a fili, yana ganin ya yi sanyi, ya yanke alaƙa da gadon kakanni. Wannan saɓani bai kashe tafiyar ba, shi ya gyara ta. Cikin 'yan shekaru bututun ƙarfe ya ja baya, katako mai haske da yadi da fata suka dawo, amma cikin siffa mai sauƙi. Bruno Mathsson, ɗan kafinta daga garin Värnamo, ya lanƙwasa katako ya saƙa masa ɗamara ta zare, ya yi kujerun da ke bin surar jikin mai zama. Axel Einar Hjorth, shugaban sashen kayan ɗaki na NK daga 1927 zuwa 1938, ya tsara tebura da kujeru masu kauri na katakon fayin don gidajen hutu, ya ba su sunayen tsibirai irin su Utö da Lovö da Sandhamn.

Mutumin da ya fi kowa sassauta salon baƙo ne. Josef Frank, Bayahude mai zanen gine-gine daga Ostiriya, ya ƙaura zuwa Stockholm a 1933 tare da matarsa 'yar Suwidin yayin da ƙiyayyar Yahudawa ke ƙaruwa, a 1934 kuma ya fara aiki da Estrid Ericson. Frank ya yi imani cewa gida wurin hutawa ne, don haka bai yarda a mayar da shi kamar masana'anta ba. Ya zana yadudduka masu furanni da tsuntsaye, kabad masu dogayen ƙafafu don a ga inda bango ya haɗu da ƙasa, da fitilun tagulla sirara masu hular yadi, waɗanda za a iya ɗauka a kai kusa da kujerar mai karatu. Ɗaya daga cikinsu, mai hannaye uku da huluna uku, an fi saninta da fitilar San Francisco saboda baje kolin da aka yi a birnin a 1939. A shekarar ce, a babban baje kolin New York, sunan Swedish Modern ya kama bakin duniya.

Masu ƙera fitila

Sunayen da ke fitowa a kundin gwanjo ba su da yawa, kuma kowanne yana da halinsa.

Kamfanin Böhlmarks ya fara a Stockholm a 1872 da fitilun kananzir, a 1894 kuma ya sayi masana'antar gilashi ta Pukeberg don ya riƙa yin nasa ƙwai da huluna. Harald Notini ya yi shekaru da dama yana jagorantar zanensa, ya ratsa daga ƙawar 1920 zuwa tsantsenin 1930 zuwa laushin 1940. Kamfanin yana buga kundin kaya, kowace fitila da lambarta, abin da ya zama taska ga masu bincike a yau.

A NK, bayan Tidstrand sai Bertil Brisborg, wanda aka sani da fitilun tebur na tagulla masu sanda naɗe da fata.

Hans Bergström da Verna Norell sun kafa Ateljé Lyktan a Helsingborg a 1934, daga baya suka koma ƙaramin garin Åhus. Yaƙin Duniya na Biyu, duk da ƙasar ba ta shiga ba, ya sa tagulla ta yi wuya, masu ƙira suka koma ga katako da yadi da ƙarfe mai fenti. Bergström ya yi fice wajen mayar da ƙarancin kaya fasaha. Fitilarsa Struten, firam ɗin waya da aka fesa wa roba, ta ci lambar zinariya a baje kolin Milan na 1954.

Greta Magnusson Grossman ta buɗe shagonta a Stockholm a 1933, lokacin da mata ƙalilan ne a wannan sana'a. A 1940 ta ƙaura zuwa Los Angeles da mijinta. A can ta zana fitilar Gräshoppa a 1947, mai ƙafafu uku da jiki a karkace, da kuma Cobra, wadda ta samu lambar yabo ta kyakkyawan zane a 1950. An ƙera fitilunta a Kalifoniya, kamfanin Bergboms na Malmö kuma ya ƙera su a gida.

Daga baya Hans-Agne Jakobsson ya kafa kamfaninsa a Markaryd a 1951, ya yi suna da fitilun da aka jera siraran faifan katakon fayin, waɗanda ke ɓoye ƙwai gaba ɗaya su fitar da haske mai ɗumi.

A gidan gwanjo

Gwanjo tsohuwar al'ada ce a Suwidin. Stockholms Auktionsverk, wanda aka kafa a 1674, shi ne gidan gwanjo mafi daɗewa a duniya da ke aiki har yanzu. Uppsala Auktionskammare ya biyo a 1731. Bukowskis, wanda wani ɗan gudun hijira daga Folan, Henryk Bukowski, ya kafa a 1870, ya koma hannun kamfanin Bonhams na Landan a 2022. Idan tsoho ya rasu, magada sukan kai kayan gida gwanjo, don haka fitilun da suka yi shekara saba'in a rataye a falo guda suna fitowa kasuwa a kai a kai.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Mai kaya ya kawo, masanin gidan ya duba ya rubuta bayani ya sa ƙiyasi, a ajiye farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. A buɗe kwanakin kallo, sannan a yi tayi a zaure ko ta tarho ko ta intanet. Wanda tayinsa ya fi, a buga masa guduma. Amma kuɗin guduma ba shi ne ƙarshen lissafi ba: mai saye zai ɗora la'adar gida, wadda takan kai tsakanin ɗaya bisa biyar da ɗaya bisa huɗu na farashin, ga kuɗin ɗauri da jigila. Mai sayarwa ma ana cire masa tasa la'adar.

Shekaru da dama yawancin waɗannan kaya ba su da wata daraja. An manta da Hjorth kusan gaba ɗaya, teburansa suna ruɓewa a gidajen hutu, har sai da dillalai suka farga, aka kuma wallafa littafi a kansa a 2009. Yanzu ana sallama wasu kayansa a kan ɗaruruwan dubban krona. Wasu kabad ɗin Frank sun haura krona miliyan ɗaya. Grossman ta rasu a 1999 ba tare da duniya ta damu da ita ba, sai a 2010 gidan tarihin gine-gine na Stockholm ya yi baje kolin aikinta, kamfanin Gubi na Danmak kuma ya sake fitar da fitilunta.

Abubuwa uku suka ɗaga kasuwar. Na farko, masu tsara gidajen attajirai a Amurka da Faransa sun riga sun tsadar da kayan Danmak da fitilun Paavo Tynell na Finlan, sai ido ya koma kan maƙwabta. Na biyu, intanet ta sa mai tayi a Seoul ko New York yana fafatawa da mai tayi a ƙaramin garin Suwidin kan fitila guda. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne takarda. An adana zane-zane da littattafan ciniki na NK a gidan tarihi na Nordiska museet, an adana kundin Böhlmarks. Fitilar da jiya ake rubuta mata “ta Suwidin, shekarun 1940” yau ana iya cewa ga wanda ya zana ta, ga lambarta, ga shekarar da ta fito. Da zarar ta samu suna da salsala, farashinta ya ninka. Ƙarfen bai canja ba, sanin da ke tare da shi ne ya ƙaru.

Abin da mai saye zai duba

Wanda ke tayi daga nesa cinikin biri a sama yake yi idan bai iya karanta kundin gwanjo ba. Kalmomin kundin a aune suke. Idan an rubuta sunan mai zane kai tsaye, gidan ya tsaya a kan maganarsa. Idan an ce “ana danganta ta da wane”, zato ne mai ƙarfi wanda babu takardar da ta tabbatar da shi. Idan an ce “a salon wane”, to ba tasa ba ce. Tazarar farashi tsakanin waɗannan uku tana da faɗi.

Sai tambari. A duba ƙarƙashin gindi ko cikin kofin da ke manne da silin, inda akan buga sunan kamfani da lambar samfuri. Harafin S a cikin da'ira alama ce ta hukumar gwajin kayan lantarki ta ƙasar, SEMKO. Yana nuna an yi fitilar don kasuwar Suwidin, amma bai faɗi wanda ya zana ta ba.

Sai shekaru. Svenskt Tenn har yau yana ƙera fitilun Frank da yawa, Gubi yana ƙera na Grossman. Sabuwar ba jabu ba ce, haskenta ɗaya da na tsohuwar, amma ba ta da darajar ta farko a gwanjo. Makunni da mazaunin ƙwai da irin sukurori da nauyin ƙarfe su ke bambanta su.

Sai lafiyar jiki. Tagulla takan yi duhu da shekaru, kuma masu tarawa wannan launin tsufa suke so. Wanda ya goge ta har ta yi ƙyalli ya rage mata kuɗi da hannunsa. Hular yadi kan lalace, don haka canja ta ba laifi ba ne muddin an faɗa. Gilashin asali kuwa idan ya fashe, samun madadinsa da wuya. A kula da fitilar da aka harhaɗa daga sassan fitilu biyu ko uku.

Na ƙarshe, waya. Gidajen gwanjo sukan rubuta cewa ba su gwada ko fitilar tana aiki ba. Tsohuwar waya mai rufin roba da zare takan bushe ta tsattsage, kuma yawancin fitilun ƙarfe na wancan lokaci ba su da wayar ƙasa. A kai wa ƙwararren mai gyaran lantarki ya sake mata waya kafin a kunna, a adana tsofaffin sassan a jaka. Tarayyar Turai ta janye tsohon ƙwai mai zare daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012, amma ƙwan LED mai ɗumin haske, wajen kelbin 2,700, yana maye gurbinsa, kuma da yake ba ya zafi sosai yana tsawaita ran hular yadi da faifan katako. Farin ƙwai mai kaifi yana rusa duk abin da mai zanen ya wahala a kai.

Daraja da farashi

Akwai mai cewa abin takaici ne kayan da aka yi da sunan talaka su ƙare a gidajen attajirai. Maganar tana da gaskiya, amma rabinta. Waɗanda ke cin miliyoyi galibi na NK ne da Svenskt Tenn, ko waɗanda aka yi wa wani gini na musamman, kuma tun asali ba na kowa ba ne. Fitilun masana'anta da aka yi dubbai, na gilashin madara da ƙarfe mai fenti, har gobe ana sallama su a ƙananan gidajen gwanjo a kan kuɗin da bai fi na sabuwar fitila a kanti ba. Burin Key da Paulsson kuwa bai mutu a gwanjo ba. Ya wuce cikin gidajen da aka gina wa miliyoyin mutane, da ƙa'idojin madafa da taga da aka auna, da kayan ɗaki masu araha da ƙasar ke sayar wa duniya.

Abin da ya sa waɗannan fitilu suka kai shekara tamanin suna aiki a bayyane yake. An zana su don magance matsala ta gaske, an yi su da kayan da ke jure gyara, an haɗa su da sukurori da za a iya kwancewa, an kuma rubuta wanda ya yi su. Farashi zai hau ya sauka yadda kasuwa ta ga dama, amma waɗannan huɗu ba sa canjawa. Don haka, mai karatu, ko kana tayi a Bukowskis ko kana zaɓen fitila a kantin unguwarku, fara da tambayar da masu zanen Suwidin suka fara da ita: wa zai zauna a ƙarƙashinta, me zai yi a wurin, kuma idonsa zai huta? Fitilar da ta amsa wannan ta cancanci kuɗinta. Wadda ba ta amsa ba, ko sunan wa ke jikinta, ka bar wa wani ya taya.